Kiwon Murjani a Agege

Kayan gyaran mota suka kai ni Ikko a watan Maris, ba yawon buɗe ido ba. Mun ɗaga daga Kano da sanyin asuba, muka bi ta Zariya da Kaduna da Abuja, la'asar sakaliya ta riske mu a gadar Jamata, gab da Lakwaja. Na leƙa ta taga na ga Kwara a shimfiɗe. Rani ya sa ta ja baya, amma ruwan nan yana nan da launinsa kamar kunun kanwa. Sauran hanyar, Okene da Akure da Ibadan, a gyangyaɗi na yi ta. Tafiya ce da ta haura kilomita 1,000, kafin mu shiga Agege ƙafafuna sun yi suntum, takalmi ya ƙi shiga.

Gidan ɗan yayana na sauka. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, shekara da shekaru yana dillancin shanu a karar Oko-Oba, shi kuma yaron a nan aka haife shi, Yarbanci a bakinsa kamar ruwa. Ina yin sallama a falo sai wani shuɗin haske ya dalle min ido. Akwatin gilashi ne a jikin bango, tsawonsa ya kai rabin gado, cike da ruwa garai-garai. A ciki ga duwatsu, a jikinsu ga wasu abubuwa kamar furanni: kore shar, ruwan hoda, ruwan goro, wani mai rassa kamar ƙahon barewa, wani yana kaɗawa kamar gero a gona in iska ta taso. Kifi biyu masu ruwan lemo da fararen ɗamara suna kai da komo.

Na ce, "Kai, wannan furen roba ai ya yi kyau."

Ya yi dariya. "Baffa, murjani ne. Kuma da ransa."

Ni dai murjanin da na sani shi ne na wuyan kakarmu, jajayen duwatsu da take ɓoyewa a ƙasan adaka, ba ta fito da su sai da biki. Na san ana ambatonsa tare da lu'ulu'u a cikin Suratur Rahman, amma ban taɓa kawo wa raina cewa dabba ba ce. Ya ce wancan na kaka jan murjani ne na Bahar Rum, irin wanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi daga Tarabulus, kuma ƙashin dabbar ne aka goge aka huda. Nasa 'yan uwansa ne na ruwa mai ɗumi, irin na Indonesiya da Bahar Maliya. Ya miƙo min madubin ƙara girma. Na sunkuya. Kowane fure ashe ɗan baki ne zagaye da 'yan yatsu sirara, ɗaruruwa jere a kan reshe ɗaya. Ya ɗiga musu abinci da sirinji, ina kallo wani ya naɗe yatsunsa a hankali ya kai baki. Tsigar jikina ta tashi.

Hannu na kai zan taɓa, caraf ya riƙe min wuyan hannu.

"Tuba nake, Baffa. Turare."

Da gaskiyarsa, na shafa shi har gwiwar hannu. Turare, man shafawa, sabulu, maganin sauro na feshi, duk guba ne a ruwan nan. Jan ƙarfe ya fi su muni, ɗan kaɗan ya isa ya kashe komai banda kifin. Sannan wasu 'yan ƙananan masu kama da maɓalli suna da dafi mai tsanani, shi kansa sai da safar hannu yake taɓa su.

Washegari bayan na gama da kasuwar Ladipo ya ce sai na ga teku. Muka hau gadar nan ta Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, muka gangara Lekki. Ina tsaye igiyar ruwa na dukan ƙafata, sai dabara irin ta ɗan kasuwa ta zo min. Na ce, "Ga ruwan gishiri kyauta har ƙarshen gani, kai kana sayen gishirin bokiti daga ƙasar waje? Mu ciko jarka mana."

Ya ce in duba launinsa. Ruwan gaɓar nan yana ɗauke da laka da abin da kwatocin gari suka zubo, gishirinsa kuma yana raguwa da damina. Ya tuna min da Kwarar da na ƙetare a Jamata. Irin waɗannan manyan koguna da ke juye laka da ruwan daɗi a tekun Gini suna cikin dalilan da suka sa gaɓarmu ba ta da tsaunukan murjani irin na Ostireliya. Murjani yana son ruwa mai haske, domin a cikin naman jikinsa akwai wata gansakuka da ido ba ya gani. Ita ke sarrafa haske ta ba shi mafi yawan abincinsa, ita ce kuma silar launinsa. Shuɗiyar fitilar falo aikinta ke nan, ba ado ba ce.

Shi ya sa yake haɗa tekunsa da kansa. Ruwan burtsatse sai ya bi ta matata mai hawa-hawa har ya zama ba komai a cikinsa, sannan a zuba gishiri na musamman, giram 35 a kowace lita. Tankinsa lita 200 ne, wato kilo 7 ke nan narke a ciki. Duk mako yana kwashe kashi ɗaya cikin goma ya zuba sabon haɗi. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, in ruwa ya ragu saboda tururi, ruwan daɗi zalla yake ƙarawa, domin gishiri ba ya bin tururi. Ranar Asabar kuwa zama yake da 'yan kwalabe yana ɗiga magani yana ƙirge har ruwan ya sauya launi. Kalsiyam, wanda murjani ke gina ƙashinsa da shi kamar ɓawon ƙwai, yana riƙe shi tsakanin miligiram 400 da 450 a kowace lita. Akwai wani awon kuma da yake gyarawa da hodar soda. Na ce ai kanwa ce, da na sani na taho masa da ita daga kasuwar Kurmi. Ya ce dangi ne, amma ta kasuwa da ƙasa a jikinta. Duk yana rubutawa a littafi. Ubansa bai taɓa rubuta lissafin sa ko ɗaya ba, a ka yake riƙewa.

A dare na uku na ga ainihin wahalar abin. Zafin Ikko ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake kamar an rufe shi a tukunyar dambu. Murjani kuwa digiri 25 zuwa 26 yake so, ba hawa ba sauka, don haka akwai na'urar sanyaya ruwa a ƙarƙashin tankin. Tun magariba aka ɗauke wuta. Inbata ya riƙe har wajen ƙarfe ɗaya, ya yi ƙara ya mutu. Janareta aka ja aka ja, ya ƙi tashi. Falon ya yi tsit, ƙarar ruwan nan da na saba da ita ta ɗauke.

Na fito na same shi da tocilan a baki. Ma'aunin zafi ya nuna 28.

"Baffa, koma ka kwanta."

"In kwanta ina jin ka kana safa da marwa? Me zan kama?"

Ya ba ni jug. Aikina in ɗebo ruwan tankin in ɗaga sama in tsiyaye shi a ciki, in sake. In ruwa ya tsaya cik iskar da ke cikinsa ƙarewa take, kuma murjani ba ya tashi ya nemi wani wuri, sai abin da ruwa ya kawo masa. Maiɗakinsa ta buɗe firiza ta fito da gorunan ƙanƙara, ta ce ga na zoɓo ma in ana so. Ya ce ta rufa masa asiri, in ɗaya ya yi yoyo sukari ya shiga ruwan an gama. Na ruwa zalla ya goge ya jefa biyu, a rufe gam, suna yawo a sama. Ba ya son sanyin ya sauko da gaggawa, wai shi ma wani bugun ne.

Ina tsiyaya yana ba ni labarin abin da yake tsoro. In zafi ya daɗe, murjani korar gansakukar jikinsa yake, ya koma fari fat kamar alli. Bai mutu ba tukuna, amma yunwa ta kama shi. Haka ya faru da babban tsaunin murjanin Ostireliya a 1998 da 2016 da 2017, teku ta yi zafi, wurare masu faɗin gaske suka yi fari. Ni kuwa kafaɗata ta riga ta ƙage. Na tuna daren da saniyar mahaifinsa ta kwanta a kara, muka kwana muna ɗaga ta da buhu. Na faɗa masa, ya yi murmushi bai ce komai ba.

Ana kiran assalatu wuta ta dawo. Zafin ya tsaya a 29.

Da hantsi fitila ta kama, yawancinsu suka buɗe kamar ba abin da ya faru. Mai ƙahon barewar ne kawai reshensa ɗaya ya koɗe. Ya daɗe yana kallonsa, ya rage hasken fitilar, ya rubuta kwanan wata a littafinsa, sannan ya kira mai gyaran janareta.

Ran da zan taho na ce ya gutsuro min ɗan reshe in kai wa yara su gani, tunda ya ce haka masu kiwon ke yi, a yanka a manna a dutse ya ci gaba da girma. Ya tambaye ni digiri nawa ɗakina yake kaiwa a watan Afrilu. Na ce a bar maganar. Hoto na ɗauka a waya, ya ɗauki jakata muka nufi tasha.