"Kowane aiki": maganar da ta cinye mini shekara uku

Ranar da na fara shiga ofishin da ke taimaka wa 'yan gudun hijira samun aiki, matar da ke kan tebur ta tambaye ni ta bakin tafinta: "Wane aiki ka iya?" Na ce, "Kowane iri." Ta sake tambaya, na maimaita mata. A ganina ladabi na yi, na nuna ni ba mai zaɓe ba ne. Ta yi ɗan rubutu a fayil, bayan mako biyu na tsinci kaina a wani sito ina jidar kwalaye daga dare zuwa asuba.

Ƙannena masu isowa yanzu, shekara tara na yi ina aikin wayarin kafin tashin hankali ya raba ni da gida. Na iya karanta zanen lantarkin gini, na yaye yara a sana'ar. Ko ɗaya ban faɗa wa matar nan ba.

Tsoro ne ya rufe mini baki. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na sha tambayoyi a hannun masu tantance neman mafaka, inda ake juya kowace kalma gaba da baya, har na ɗauka duk mai riƙe da biro tarko yake ɗana mini. Ban gane cewa aikin wannan daban ne ba. Mai tantancewa yana son sanin abin da ya koro ka. Ita kuwa so take ta san abin da hannunka ya iya, domin da shi za ta buga wa masu ɗaukar ma'aikata waya. In ka ba ta fanko, inda ba a tambayar gwaninta za ta tura ka, kuma ba za a ce ta yi laifi ba.

Akwai kuma zancen takarda. Satifiket ɗina ya salwanta a hanya, sai na yanke wa kaina hukunci cewa sana'ar ta bi shi. Ashe tun 1997 Yarjejeniyar Lisbon kan amincewa da shaidar karatu, a sashe na 7, ta nemi ƙasashen da suka sa hannu su samar da hanyar auna ilimin ɗan gudun hijira ko da ba shi da takarda a hannu. A 2017 aka fara gwada wani fasfo na shaidar ilimi na 'yan gudun hijira a Girka, wanda ake bayarwa bayan ƙwararru sun yi hira da mutum. Jamus tana da dokar 2012 wadda ta ba mai sana'ar da ya rasa takardunsa damar a gwada shi a aikace, a miƙa masa kayan aiki a ga hannunsa. Tsarin kowace ƙasa daban ne, amma tambayar ɗaya ce, kuma ofishin nan ne wurin yin ta: "Ta yaya za a auna abin da na iya?" Ni ban yi ta ba.

Aikin sito ba abin kunya ba ne, kada ku fahimce ni a baibai. Ya biya mini haya, na aika wa iyali abin da ya sawwaƙa. Illarsa ita ce ya cinye mini ajin koyon harshe. In na dawo da asuba sai barci, har aka cire sunana. Harshe kuwa ba ya shiga kai da sauraren ƙarar inji. Ku duba Jamus: kwas ɗin sabon zuwa awa 600 ne na harshe, da ƙarin awa 100 na sanin dokoki da tarihin ƙasa, duk don mutum ya kai matakin B1, wanda matsakaici ne kawai. Da na faɗa wa matar cewa lokacin aikin ya ci karo da na aji, da ta nema mini na rana ko na rabin yini. Na san haka ne domin ta yi wa wasu.

Sai aikin bayan fage. Wani da muke yare ɗaya ya ji na iya wuta, ya ɗauke ni ina yi masa aiki a ƙarshen mako, kuɗi a hannu, ba kwantiragi, ba takardar albashi. Kuɗin wata huɗu ya riƙe mini, da na matsa sai ya ce in kai ƙara in na isa. Ya san ba zan je ba. Asarar kuɗin ma da sauƙi: wata goma sha ɗaya na yi ina aikin da na ƙware a kai, amma babu wata shaida da zan nuna. Yarjejeniyar Geneva ta 1951 kan 'yan gudun hijira ta yi maganar 'yancin aikin albashi a sashe na 17, sashe na 24 kuma ya ce a daidaita ɗan gudun hijira mai zama bisa doka da ɗan ƙasa wajen albashi, awannin aiki da diyyar rauni. Duk wannan sai ka shigo ta ƙofa yake amfanar ka.

Ku kuma san matsayin takardarku kafin ku karɓi kowane tayi. Wanda aka amince da shi daban, mai jiran amsa daban. A Amurka wanda aka shigo da shi a matsayin ɗan gudun hijira yana da izinin aiki tun ranar da ya sauka. A Birtaniya mai neman mafaka sai ya yi wata 12 yana jira kafin ya nemi izini, shi ma a wasu ayyuka ƙalilan. Kada ku ɗauki fatawar abokin ɗaki a kan wannan.

A shekara ta uku na koma ofishin. Kafin in tafi na cika takarda biyu: irin gine-ginen da na yi wa wayarin, kayan da na saba riƙewa, yawan yaran da na koyar. Matar ta karanta, ta buɗe tsohon fayil ɗina, ta juyo mini da shi. A layin sana'a an rubuta "babu". Ta ɗauki waya nan take ta nema mini ranar gwaji.