Godiya ga waɗanda suka yi jinyar hannuna

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Jiya aka sallame ni daga sashen gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi na asibiti, mako 12 cif da ranar da injin yankan ƙarfe ya bi ta bayan hannuna na hagu. Likita ya ce in koma bakin aiki, amma da lallaɓawa. Alhamdu lillahi. Yatsu biyar suna nan, suna lanƙwasuwa suna miƙewa, sai manuniya ce kawai har yanzu ba ta kai 'yar'uwarta ta dama miƙewa ba. Wannan rubutun ma da hannu biyu nake yin sa, shi ya sa na ce ba zan ƙara kwana da nauyin godiyar nan a kaina ba.

Duk wanda ya zo dubiya ya tambaye ni garin yaya, sai in ce tsautsayi ne. Gaskiya ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma ni na share masa hanya, gara in faɗa. Murfin kariyar da ke zuwa da injin na kwance shi tun bara, don in riƙa ɗaura babban faifai a kan ƙaramin inji, wai in huta da yawan canji. Ranar kuwa guntun bututu zan yanke na wata ƙofa da aka ba ni aikinta, aikin da bai kai minti ɗaya ba. Ƙiwuyar ɗaure shi a matsi ta sa na dafe shi da hagu, na riƙe injin da dama kaɗai. Yanka ya yi nisa, bututun ya ranƙwafo ya cije faifan, inji ya yi tsalle. Da farko ko zafi ban ji ba. Ji na yi kamar an maka min sanda, na duba na ga fata ta dare, wani abu fari yana leƙowa, sannan jini ya rufe komai.

Bayan Allah, wanda na fara bin bashin godiya shi ne ƙaramin yaron shagona, wanda da safiyar ranar na gama yi wa faɗa a kan makara. Kafin manya su gama salati ya zare wayar injin daga wuta, ya buɗe jakarsa ya ciro rigar da yake canzawa in an tashi, wankakkiya, ya ninke ta ya danne ciwon da tafin hannunsa, ya ɗaga hannuna sama da kaina. Nan da nan shago ya cika. Wannan ya zo da baƙin mai, wancan ya ce a tsiyaya man birki zai tsayar da jinin, wani yana neman igiya a ɗaure dantse. Yaron nan, da ko ido ba ya haɗawa da ni, ya ce musu, "Don Allah ku yi haƙuri, ba a zuba komai." Na so in ɗaga rigar in ga girman abin, ya ƙara dannawa ya ce, "Oga, kar ka leƙa." Da jini ya ratso bai cire ta ba, sai ya karɓi wani ƙyalle ya ɗora a kai. A makaranta aka taɓa koya musu, in ji shi. Daga baya nas ta tabbatar min daidai ya yi: ana danne ciwo aƙalla minti 10 ba ɗagawa, domin duk leƙen da aka yi ɓalle jinin da ya fara daskarewa ake yi, a koma farko. Man da suka kawo kuwa, da an zuba, sai an sha wahalar wanke shi kafin a yi ɗinki. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan magabatanka. Rigarka na biya, sauran kuma Allah ne zai biya ka.

Maƙwabcina na shago ya bar cinikinsa a buɗe ya kai mu asibiti, kujerar motarsa ta ɓaci da jini, har yau ya hana ni maganar wanki. Allah ya bar zumunci.

A asibiti abin da nas ta fara yi ya ba ni mamaki. Kafin ta taɓa ciwon sai ta shafa sabulu a yatsana ta murza zobena ya fita, ta ce in hannu ya kumbura sai dai a yanka shi. Sannan aka yi allurar kashe zafi aka shiga wanki da ruwan gishiri na asibiti, ana ɗurawa ana ɗurawa, baƙin garin faifai da ɓurɓushin ƙarfe suna fita, har na fara tunanin ko sun manta da ɗinkin. Likita ya zo ya ce in kifa hannu in ɗaga yatsu ɗaya bayan ɗaya. Uku suka tashi, manuniya da ɗan tsakiya suka ƙi. Nan na san farin abin da na gani jijiyoyin da ke ɗaga yatsu ne, guda biyu sun tsinke. Hoto ya nuna ƙashi lafiya lau. Aka tambaye ni yaushe rabona da allurar tetanus, na kasa tunawa, aka yi min nan take. Ni da nake ganin tsatsa ce ke kawo cutar, sai na ji ashe ƙwayarta a ƙasa da ƙura da kashin dabbobi take, ta ciwo take shiga, tana iya ɗaukar kwana 3 zuwa 21 kafin ta sarƙe wa mutum haƙora. Allurar a kan sabunta ta duk shekara 10, in kuma ciwon mai datti ne ko mai zurfi, shekara 5 ma ta isa a sake. Mu da muke kwana muna tashi cikin ƙarfe, ban san mutum nawa ne a cikinmu za su iya faɗin ranar da aka yi musu ba. An auna min suga, an tambaye ni ko ina shan taba, domin su biyun suna hana ciwo saurin haɗewa. Washegari aka shiga da ni tiyata aka ɗinke jijiyoyin, aka ɗaure hannun a kan wani allo mai tauri, yatsu a miƙe. Likitoci da ma'aikatan jinyar da suka yi wannan aiki, wasu ko fuskarsu ban gani ba saboda takunkumi, Allah ya saka muku da mafificin alheri, ya sa albarka a iliminku.

Na ɗauka da an fito daga tiyata an gama. Ashe aikin na gida ne, kuma a kan maiɗakina ya faɗa. Ita ke jera filo biyu da dare don hannun ya fi ƙirji tudu, in ya zame in farka yana zugi kamar ana buga ganga a ciki, ta tashi ta gyara. Ita ke sa min leda ta ɗaure da roba in zan yi wanka. Maɓallin riga, igiyar wando, buɗe murfin kwalba, abubuwan da mutum bai taɓa lissafa su cikin aiki ba, duk sai da ita. Ni kuwa jinya ta sa na zama mai saurin fushi, abu kaɗan in hau faɗa, ta yi kamar ba ta ji ba.

A kwana na 9 na yi wautar da ta fi ta farko. Zaman gida ya ishe ni, na sulale na tafi shago wai in duba yara. Ban taɓa komai ba, amma na wuni cikin ƙura da gumi, bandejin ya jiƙe, na dawo na yi shiru. Bayan kwana biyu tana gyara min filo ta ɗora bayan hannunta a tsintsiyar hannuna, ta ɗora a ɗayan, ta ce, "Malam, wannan ya fi wannan zafi." Na ce babu komai. Ta sunkuya ta shinshina bandejin, ba ta ƙara magana ba, ta ɗauko mayafi. Nas ta faɗa mana tun ranar sallama cewa a baƙar fata ba lallai a ga jan da ake faɗa ba, sai dai wurin ya yi duhu, ya yi sheƙi, ya ɗau zafi, ko zugi ya ƙaru maimakon ya ragu, ko a ji wari, ko zazzaɓi ya zo. Ni na ji na manta, ita ta riƙe. Da aka kwance, gefe ɗaya ya tara mugunya. Aka cire zare biyu ta fita, aka wanke, aka ba ni magani, likita ya zagaye kumburin da biro ya ce in ya tsallake layin mu dawo ko da tsakar dare ne. Ya kuma gaya min a fili cewa da ruɓar ta kai ga ɗinkin jijiya, da aikin tiyatar ya tashi a banza. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Daga ranar wankin ciwo ya koma kullum, nas ta koya mata a gabana har sau biyu. Har yanzu in na rufe ido ina ganin tiren nan. Ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta sa safar roba. Ƙyallen da ya manne ba ta fizgarsa, sai ta jiƙa shi da ruwan gishirin ta jira ya saki da kansa. Ta goga daga tsakiyar ciwon zuwa waje, shafa ɗaya ta yar, ta ɗauki sabo. Auduga ba ta kusantar bakin ciwon, saboda zarenta yana maƙalewa a ciki. Ni da na taso da sanin in magani bai yi zafi ba bai yi aiki ba, na matsa a zuba sifirit ko ruwan nan mai kumfa, ta ce Sista ta hana, suna ƙona sabon naman da ke tsirowa. Na ce to a bar shi a buɗe ya sha iska ya bushe, ta ce shi ma an hana, ciwon da aka rufe da ɗan danshinsa ya fi saurin haɗewa. Wani abokina, da kyakkyawar niyya, ya zo da kafso ya ce a fasa a barbaɗa, ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta kai ɗaki, ban sake ganinsa ba. Magungunan da aka rubuta kuwa sai da ta ga ƙwayar ƙarshe ta wuce, ko da na ce na warke. Da ƙaiƙayi ya zo, wanda ya fi zugin ban haushi, ita ke riƙe min hannun dama in barci ya fara ɗaukata. Ban san kalmar da zan gode miki da ita ba. Allah ya ba ki aljanna, ya raya mana zuri'a. Faɗan da na yi ta yi, ki yafe min.

Ma'aikacin gashi shi ma ya sha fama da ni. Ya zana min yadda abin yake: jijiyar da aka ɗinka in an bar ta ba motsi sai ta manne da tabo yatsa ya sandare, in kuma an yi gaggawa ɗinkin ya tsinke. Don haka motsin da awo ake yin sa. Mako 6 hannu na kan allo, ana kwancewa a yi ɗan abin da ya ƙayyade a mayar. Ranar da na fara ɗaga manuniya daga kan tebur, tashin da bai fi kaurin takarda ba, sai da na yi ƙwalla. Ya koya min murza tabon da mai bayan ya rufe, ya ce kar in ga ya haɗe in ɗauka ya gama, tabo yana kai shekara yana gyaruwa, kuma ƙarfinsa ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na fatar asali. Yallaɓai, na gode da haƙuri.

Inna, addu'arki ce ta riƙe ni, kiran da kike yi kullum da asuba ina jin daɗinsa ko da na nuna kamar ya yi yawa. Yaya, ka ɗauke min abin da ba zan faɗa a nan ba tunda ka hana. Yaran shago sun riƙe aiki wata uku, ko ƙusa ba ta ɓata ba. Masu aikin da na riƙe musu kaya suka yi min uzuri, har da mai ƙofar da ta jawo wannan duka, wanda ya zo dubiya sau uku bai taɓa tambayar ƙofarsa ba. Waɗanda suka zo, da waɗanda suka kira, da waɗanda suka turo saƙo ban iya amsawa ba saboda hannu ɗaya, duk na gani, Allah ya saka da alheri, ya tsare ku da iyalanku.

Sai maigidana da ya koya min sana'a. Da tsufansa ya zo, ya yi min sannu, sannan ya ce a ɗauko masa injin. Ya juya faifan ya nuna min rubutun da ke jikinsa, wanda na yi shekaru ina kallo ban karanta ba: iyakar gudunsa juyi 8,500 a minti. Ya nuna na jikin injin, 11,000. Ya ce, "Ka gode wa Allah tsalle ya yi, bai fashe ba. Da fashewa ya yi ba murfi, da fuskarka muke dubawa." Ya ƙara nuna min ranar ƙarewar aiki da ake bugawa a zoben ƙarfen tsakiyar faifai, abin da ban taɓa sanin akwai shi ba. Baba, na ji, kuma na gode.

Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan buɗe shago da kaina, ƙananan ayyuka tukuna. Mai ƙofa, taka ce ta farko. Da na leƙa ɗazu na tarar yaron nan ya tono murfin kariyar daga cikin tarkace ya mayar wa injin, ya ɗaura ƙaramin faifai. Na tambaye shi ina sifanar da ake kwance murfin, ya ce ya ajiye ta, bai faɗi inda ya ajiye ba.