Jakadan ƙasar da babu kowa a cikinta

A garinmu yanzu akwai mutanen da in za su ambace ni sai su ce "jakada". Ni kuwa mai wanke tukwane ne a kicin ɗin wani otal a Longyearbyen, babban garin tsibiran Svalbard, can saman Norwe inda taswira ta kusa ƙarewa. Ba na jin kunyar aikina ko kaɗan. Da shi aka sauya rufin ɗakin Inna, da shi ƙannena biyu suke makaranta. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne hanyar da wannan suna ya bi ya manne mini, da kuma mutumin da ya jawo, wanda har gobe bai ga laifinsa ba.

Abin da ya kawo ni nan shi ne abin da ya kawo 'yan Tailan da 'yan Filifin da muke aiki tare: ba a neman biza. Dokar shige da fice ta Norwe ba ta aiki a Svalbard. Ko daga ina ka fito za ka iya zama, muddin kana da wurin kwana kuma kana iya ciyar da kanka. Ranar da ka kasa, gwamna yana da ikon ya sa ka a jirgi. Sai dai jirgin da zai kawo ka ta Oslo ko Tromso, biranen Norwe, yake bi, don haka mai koren fasfo irina sai ya nemi bizar Shengen, wato ta shiga Norwe da wasu ƙasashen Turai, kafin ya taka ƙasar da aka ce ba ta son biza. Shekarun da ka yi a nan kuma ba a lissafa maka su in ka je neman takardar zama a Norwe. Kana nan, amma ba ka tara komai a takarda.

Mutumin da ya jawo mini sunan Bature ne, yana tuƙa jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido in ƙanƙara ta narke. Yana da fara'a, ba ya wuce ni bai gaisa ba, kuma a garin da mutanensa ba su fi 2,500 ba wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wai wata rana ya sauka a kan wani ɗan tsibirin dutse, ya kafa tuta, ya ce daga yau nan ƙasarsa ce. Ya yi mata suna, ya buga hatimi, ya buɗe mata shafi a intanet. A tsakiyar lokacin duhu, lokacin da rana ta yi makonni ba ta leƙo ba, ma'aikata suka haɗa cin abinci, aka gayyace ni. Wanda bai taɓa zama cikin duhun nan ba ba zai gane yadda mutum ke ƙishirwar jama'a ba. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu sha biyun rana da sha biyun dare duk ɗaya ne. Ana cikin hira ya tashi, ya rataya mini wani ƙyalle shuɗi a kafaɗa, ya miƙo mini takarda mai kauri da tambarin ruwan zinariya, an rubuta cikakken sunana, wai ni ne jakadan ƙasarsa a Afirka. Aka tafa, aka ɗauki hoto. Na saka farar shaddata a daren, da hula, don ina so su gan ni a kamannina na gida ko sau ɗaya.

Bai tambaye ni ba ya ɗora hoton a Facebook, ya haɗa da sunana.

Kafin in tashi daga barci ɗan kawuna ya gani, ya tura a rukunin WhatsApp na dangi. Wa zai zarge su? Ga ɗansu cikin shadda, ga Bature yana miƙa masa takarda mai hatimi, ga tuta a baya. Kawu ya sa aka yi addu'a a masallacin unguwa bayan Magariba. Inna ta sa aka toya waina aka raba sadaka. Ta aiko mini saƙon murya, kuma da yake ni ne ɗanta na fari ba ta kama sunana, sai ta ce: "Kai, Allah ya yi maka albarka. Da mahaifinku yana raye ya ga wannan rana." Muryarta na rawa. Na saurari saƙon a tsaye a ɗakin sauya kaya, takalmin roba a ƙafata, hannuna na warin sabulun wanki. Na kasa ba ta amsa a ranar.

Daga nan sai buƙatu. Wannan yana so a sama wa ɗansa fasfo, wancan yana so a saka shi direba a ofishin jakadanci. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya tako har gidanmu da takardun makarantar jikansa da zakara a hannu. Na yi ta bayani ɗaya bayan ɗaya cewa babu ƙasa, babu ofis, wasa ne na Turawa. Wasu suka yarda. Wasu suka ce ya samu ne yana ɓoyewa, ƙasar waje ta koya masa rowa.

Na sami Baturen na gaya masa. Ya yi mamaki da gaske, ya ce ai kowa ya san raha ce, ya cire hoton nan take. Amma hoton da ya shiga wayoyin dangi ya wuce cirewa. Abin da ya kasa ganewa, ni ma na kasa fahimtar da shi, shi ne cewa shi fasfonsa yana buɗe masa kusan kowace iyaka, shi ya sa takarda mai hatimi ta zama abin wasa a wurinsa. Ni na san yadda ake sammako a bi layi, a tara takardun banki, a jira makonni, a ƙarshe a miƙo maka fasfo ba tare da wani bayani ba. A wurinmu hatimi yana raba wanda zai ci abinci da wanda zai dawo gida hannu rabbana.

Yana so ya ce wai tsohuwar al'adar wurin yake rayawa. Gaskiya ne a da tsibiran nan ba su da mai su. Kamfanonin haƙar kwal sukan kafa allo da sunansu su ce nan namu ne, kuma garin ma sunan wani Ba'amurke yake ɗauke da shi, John Longyear, wanda ya fara haƙa a 1906. Amma yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Faris a 1920 ta ba Norwe duka tsibiran, manya da ƙanana har da duwatsun da ke cikin ruwa. Dutsen nasa yana da mai shi, kuma ban da tsuntsaye babu mai kwana a kansa.

Mu da muke kwana a garin gaske ma ba mu da abin da shi yake wasa da shi. Mace in cikinta ya tsufa sai a tura ta babbar ƙasa, wato ainihin Norwe, ta haihu. Babu gidan kula da tsofaffi. Ba a binne gawa a nan, kuma wannan ne yake hana ni barci, har na rubuta wa Yaya abin da za a yi in ta Allah ta kasance. A 2022 gwamnatin Norwe ta sauya doka, ta ce baƙo ba zai jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar gari ba sai ya yi shekara uku a babbar ƙasa. Wata 'yar Tailan da ke kula da ɗakin wankinmu, wadda 'ya'yanta a nan suka tashi, ta wayi gari ba ta da ƙuri'a.

Duk da haka ina alfahari da abin da na iya. Na koyi riƙe bindiga, don ba a wuce allon da ke bakin gari sai da abin kare kai daga farin beyar. Ina salla da lokacin Makka in rana ta ƙi faɗuwa daga ƙarshen Afrilu har cikin Agusta, ni kaɗai a ɗaki, Juma'a kuwa ba ni da inda zan je. Mutanen nan suna cire takalmi a ƙofar otal da gidan tarihi kamar yadda muke yi a ƙofar ɗakin iyayenmu, kuma wannan ya sa na ji sanyi a raina tun makon farko. Ranar 8 ga Maris, da rana ta haye duwatsu ta sauka a matakalar tsohon asibiti karon farko bayan watannin duhu, ina tsaye cikin jama'a ina tafi da su.

A jikin dutsen da ke saman filin jirgi akwai rumbun iri na duniya da aka buɗe a 2008. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan tana cikin waɗanda suka fara aiko da iri, har da wake. Ba a barin kowa ya shiga, amma nakan kalli ƙofar in tuna gonar Baba, yadda yake zuba waken iri a tulu da toka ya liƙe bakin da laka saboda ƙwari.

Gonar ce yanzu ake magana a kanta. An sa ranar ƙanwata bayan Babbar Salla, kuma tun da maganar jakada ta fita dangin mijin suka sauya ido. Gwaggo ta ce ba za a kai ƙanwar jakada da kayan ɗaki irin na kowa ba, duk da na yi mata bayani da bakina. Yaya ya fara zancen a yanki gefen gonar a sayar. Na gaya wa Inna gaskiya tun tuni, ta ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri, amma ta roƙe ni kada in sake tayar da zancen a gaban kishiyarta. Na ce wa Yaya ko me za a ce a gari ba za a taɓa gonar nan ba. Kuɗin gado da katifa zan turo ƙarshen wata, kujeru su jira albashin gaba, kuma na karɓi ƙarin aikin dare a ɗakin wanki har zuwa bikin.