Wasiƙa zuwa gida: idan ƙwaƙwalwa ta kasa tace abin da kunne ke kawo mata

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Bayan gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ina rubuto muku ne daga ƙasar da karatu ya kawo ni, a kan wani koke da matasa kan yi wanda ba kasafai ake ɗaukarsa da muhimmanci ba. Saurayi ko budurwa kan ce sauti ya yi musu yawa, cewa ƙarar agogo da kukan fanka da hirar mutanen da ke wani ɗaki duk suna shigo musu kai da ƙarfi ɗaya, har ba sa iya bin maganar wanda ke zaune a gabansu. Sau da yawa amsar da suke samu ita ce raki ne ya yi musu yawa, ko kuwa neman hanyar gudun karatu suke yi. Wannan amsa tana damuna ƙwarai, domin abin da suke faɗa yana da tushe a cikin aikin ƙwaƙwalwa, kuma masana sun yi shekaru fiye da sittin suna nazarinsa.

A shekarar 1961 wasu masu bincike biyu a Sikotilan, Andrew McGhie da James Chapman, sun tattara bayanan marasa lafiya da ke matakin farko na cutar sikizofiriniya, wato nau'in taɓin hankalin da kan sa mutum jin muryoyin da babu su ko yarda da abin da ba shi da asali. Abin da ya yi ta fitowa daga bakin mutanen shi ne sun kasa toshe komai: sauti ya ƙara ƙarfi, launuka sun ƙara kaifi, kuma idan mutane da yawa suna magana a lokaci guda sai hankalinsu ya tarwatse. Mai lafiya ba ya jin taɓin rigar da ke jikinsa sai an tuna masa da ita, saboda ƙwaƙwalwarsa tana zubar da saƙonnin da ba su da amfani tun kafin su kai ga tunani. Wannan aikin tacewa shi ne ake zaton yana raunana.

Hanya ta farko ta auna shi ta fito daga Jami'ar Kolorado ta Amurka, inda Lawrence Adler da Robert Freedman da abokan aikinsu suka wallafa sakamakonsu a 1982. Ana manna ƙananan wayoyi a fatar kai domin ɗaukar motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, sannan a saki 'yar ƙara sau biyu a kunne, tsakaninsu rabin sakan. Bayan kowace ƙara da kimanin milisakan 50, wato kashi 50 cikin dubu na sakan guda, ƙwaƙwalwa tana mayar da martanin da ake kira P50. A wurin mai lafiya martani na biyu yakan ragu da fiye da rabi, domin ƙwaƙwalwa ta riga ta gane cewa maimaici ne, amma a wurin masu sikizofiriniya da yawa sai ya fito kusan daidai da na farko. Masu binciken sun kuma tarar da wannan rauni a wurin kusan rabin iyaye da 'yan'uwan jinin marasa lafiyar, alhali su lafiyarsu ƙalau.

Hanya ta biyu ta shafi zabura, kuma ita ce ta fi ɗaukar hankalina. Idan ƙara mai ƙarfi ta tashi ba zato, ido yakan ƙifta, kafaɗu su ɗage, wuya ya noƙe, duk kafin mutum ya san ya ji wani abu, saboda saƙon ba ya jiran tunani. Gajeriyar hanya yake bi daga kunne zuwa gindin ƙwaƙwalwa, daga nan sai tsoka. A ɗakin gwaji ana manna waya a ƙarƙashin ido domin auna ƙarfin ƙiftawar, a saki ƙara mai ƙarfi da ta kai kimanin desibel 115, wato a ma'aunin ƙarfin sauti. Abin mamakin shi ne idan aka gabatar da wata 'yar siririyar ƙara, wadda da ƙyar ta fi shirun ɗakin, milisakan 30 zuwa 120 kafin babbar, sai zaburar ta ragu sosai. Ba sabo ne ya kawo haka ba, domin yana faruwa tun a karon farko, kuma ba da niyya mutum ke yi ba. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne ƙwaƙwalwa tana kare ƙaramin saƙon da take kan sarrafawa, don kada wanda ya biyo baya ya shafe shi. Frances Graham ta bayyana wannan a jikin ɗan'adam a 1975, sannan a 1978 David Braff da abokan aikinsa a Kalifoniya suka nuna cewa ƙaramar ƙarar ba ta rage zaburar masu sikizofiriniya kamar yadda take rage ta masu lafiya. Ɓeraye ma suna da wannan tsari, kuma idan aka ba su sinadaran da ke motsa dofamin, wani sinadarin da ke isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, sai ya lalace, idan aka ba su maganin taɓin hankali ya dawo.

Tambayar da ta biyo baya ita ce ko raunin yana riga cutar zuwa. A 1994 Alison Yung da Patrick McGorry sun buɗe wani asibiti a birnin Melbon na Ostareliya domin matasan da ake ganin suna cikin haɗari, kuma suka tsara ma'aunin gane su: waɗanda ke da alamu marasa ƙarfi, kamar yawan zargi ko jin an kira sunansu amma suna shakkar abin, waɗanda alamun suka bayyana sosai suka wuce da kansu cikin ƙasa da mako guda, da waɗanda ke da cutar a dangi na kusa kuma karatunsu ko aikinsu ya ja baya. Ina roƙonku ku riƙe adadin da zan kawo yanzu. Wani nazari da Paolo Fusar-Poli ya jagoranta a 2012, wanda ya haɗa bincike masu yawa, ya nuna cewa kimanin kashi 22 cikin 100 na irin waɗannan matasa ne cutar ta kama cikin shekara guda, kashi 36 kuma cikin shekaru uku, nazarin da aka yi daga baya ma ya sami adadin da bai kai haka ba. Mafi yawansu ke nan ba sa kamuwa.

Da aka gwada zabura a kan waɗannan matasa, sakamakon bai zo baki ɗaya ba. Bincike a Jamus da Holan ya sami raunin tacewar tun kafin cuta ta bayyana, amma babbar haɗakar bincike ta Arewacin Amurka da ake kira NAPLS ba ta ga wannan bambanci a fili ba. Abin da ta gani shi ne waɗanda cutar ta kama daga baya sun fi jinkirin zabura. Dalilan saɓanin suna da yawa. Nikotin na taba sigari yana gyara tacewar na ɗan lokaci, tabar wiwi tana sauya ta, ma'aunin mata ya bambanta da na maza kuma yana motsi da lokacin al'ada, ga shi ƙwaƙwalwar ɗan shekara goma sha biyar ba ta gama girma ba. Bugu da ƙari, ana samun irin wannan rauni a wasu cututtuka dabam, kamar cutar waswasi mai tilasta maimaita abu, da cutar Tourette mai sa motsi ko sauti ba da niyya ba, da ta Huntington, cutar gado mai lalata ƙwaƙwalwa. A ganina darajar gwaje-gwajen nan ita ce sun tabbatar da cewa koken matashin gaskiya ne kuma yana da mazauni a ƙwaƙwalwa. Ba su kai matsayin da za a zaunar da yaro guda a auna shi a ce ga makomarsa ba, kuma duk wanda ya yi muku wannan alkawari ya wuce inda ilimi ya tsaya.

Kada kuma a ɗauka cewa duk mai saurin firgita yana bakin cuta. Wanda ya tsira daga haɗari ko tashin hankali yakan zama mai yawan razana, haka ma mai fargaba, da mai ciwon ɓarin kai, da wanda barci ya ƙaurace masa, kuma ciwon kunne kansa yana iya sa sauti ya zama azaba. Abin da ya cancanci a kula da shi shi ne sauyi sabo a wurin matashin da a da ba haka yake ba, musamman idan ya haɗu da janyewa daga abokai, da faɗuwar karatu, da rikicewar barci, da jin cewa mutane suna nufinsa da wani abu.

Idan haka ta faru, matakin farko shi ne a gaskata shi, a tambaye shi a natse yadda abin yake zuwar masa, a rage masa hayaniya, a riƙa yi masa magana mutum ɗaya bayan ɗaya cikin gajerun jimloli, a taimaka masa ya daidaita barci, kuma a nesanta shi da wiwi, wadda aka tabbatar tana ƙara haɗarin. Daga nan sai a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jiran abin ya yi tsanani ba. Iyaye da yawa suna jinkiri ne don tsoron za a ɗora wa ɗansu magani mai nauyi, amma ƙa'idojin da NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila, ta fitar a 2014 sun ce kada a ba wanda ke cikin haɗari kaɗai maganin taɓin hankali da nufin rigakafi. Abin da suka ce a yi masa shi ne jiyya ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, tare da shigar da iyali idan ya dace, a magance fargaba ko baƙin cikin da ke tare da shi, sannan a ci gaba da duba shi lokaci zuwa lokaci har tsawon shekaru uku.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam,
ɗan'uwanku da ke ƙasar waje.