Kafin ki biya kuɗin makarantar koyon kek

'Yan mata masu sana'ar kek suna yawan turo mini tambaya ɗaya: "Anti, in shiga makaranta ko in ci gaba da koyo a YouTube?" Na yi makarantar a Legas, na amfana sosai, amma mun zauna aji ɗaya da waɗanda suka zuba kuɗi mai yawa suka fito da takardar shaida da hoton farar hula kawai. Shi ya sa ba na saurin ce wa kowa ta je.

Abin da aka fara raba mu da shi shi ne gwangwanin madara. Da shi muke auna fulawa a gida, alhali cikin gwangwani na yau ba shi ne na gobe ba, ya danganta da ko an tankaɗe ko an danna. A aji komai sai an ɗora a sikeli, har ƙwai: a fasa a auna, matsakaicin ƙwai yana kai giram 50 in an cire ɓawo. Daga nan kek ɗina ya daina yi mini kyau yau ya ƙi gobe.

Amma ba don awo ake biyan kuɗin makaranta ba, sikeli a kasuwa ake sayar da shi. Abin da ake biya wa shi ne sanin dalili, da kuma malamin da ke tsaye a kanki. Ranar da muka fara kuruwasan, burodin nan na Faransawa mai ɓawo falle-falle, malaminmu bai ce mu taɓa kwaɓin ba sai da kowa ta danna bota da yatsa. Dole taushin botar ya zo daidai da na kwaɓin. In ta yi tauri za ta kakkarye a ciki lokacin murzawa, in ta yi laushi za ta shige cikin fulawar a sami burodi na yau da kullum. Ana naɗe botar a cikin kwaɓi, a murza, a ninka gida uku, a mayar firij ya huta, a yi haka har sau uku, sai a sami falle 27 na bota. A cikin obin ruwan da ke jikin botar yana zama tururi, shi ke ɗaga fallayen. Ina cikin murzawa malamin ya zo ya riƙe muciyar, ya ce nauyin jikina nake dannawa a tsakiya, in rage, in tura gaba kawai. Bidiyo ba zai taɓa ganin hannunki ya gyara miki ba.

Haka cakulan. Baƙin cakulan ana narkar da shi ya kai digiri 45 zuwa 50, a sauke shi zuwa wajen 27, a ɗan ɗaga zuwa 31 ko 32, sannan ya daskare da sheƙi, in an karya ya ce ƙas. In aka tsallake wannan sai ya fito da farin dishi-dishi. Shi kuwa sukari, da aka zo darasinsa sai na tuna kakata tana ɗiga ruwan sukarin alkaki a cikin ruwan sanyi tana murzawa da yatsu don ta san ko ya yi. Gwajin nan yana cikin littattafan Turawa, sai dai su sun sa masa lamba.

Akwai kuma abubuwan da aji bai ba ni ba, kuma su suka fi cin kuɗi bayan na dawo gida. Ɗakin karatunmu akwai na'urar sanyaya ɗaki, akwai janareto. Bota tana narkewa tun zafi bai wuce digiri 35 ba, Kano kuwa a watan Afrilu tana haura 40, ga wuta ba tabbas. Babu wanda ya koya mana abin yi idan an ɗauke wuta kirim yana cikin firij, ko yadda hunturu ke busar da lulluɓin sukari na kek ɗin biki har ya tsattsage. Lissafin riba ma sama-sama aka taɓa shi, alhali nan ne yawancinmu ke faɗuwa: mace ta ƙirga fulawa da ƙwai, ta manta gas, kwali, kuɗin ɗan sahu da wahalar kanta. Sauri kuwa sai a wurin aiki. A aji kek ɗaya za ki yi wa ado cikin natsuwa, a shago hamsin ke jiranki kafin azahar.

Ga Musulma akwai abin da ya kamata ta tambaya tun kafin rajista. Kayan zaƙin Faransawa da dama ana zuba musu giya don ƙamshi, jelatin ɗin da ke daskarar da kirim kuma sau da yawa daga alade ake samunsa. Akwai na saniya da aka yanka bisa ƙa'ida, akwai agar da ake samu daga ciyawar teku, sai dai agar ba ya aiki kamar jelatin, dole a tafasa shi, kuma awonsa daban. Makarantar kirki za ta gaya miki kai tsaye ko tana yarda a musanya.

Masu hangen waje sukan ambaci makarantar koyon girki ta Le Cordon Bleu, wadda aka kafa a Paris a 1895, inda karatun kayan zaƙi ke da matakai uku. Sunanta na buɗe ƙofa, amma da yuro ake biya. Abin da ya fi burge ni a Faransa shi ne hanyar da 'ya'yan talakawansu ke bi: takardar shaidar ƙwarewa a sana'a da ake kira CAP, wadda matashi ke samu bayan kamar shekara biyu yana raba lokacinsa tsakanin aji da shagon maigida, ana biyansa ɗan albashi.

Wannan hanyar nake ba ƙannena shawara su kwaikwaya. Ki fara neman gidan burodi ko wata mai kek da ke da oda da yawa, ki yi mata aiki na wasu watanni, ki ga ko ƙafarki za ta jure tsayuwa tun asuba. In har yanzu kina so, ki je makarantar da kanki ranar da ake darasi, ki ƙirga ɗalibai ki ƙirga obin, ki tambaya ko kowa ke yin nata ko kallon malami kawai ake yi, sannan ki nemi lambar waɗanda suka gama bara ki ji inda suke aiki. Kada ki ci bashi, kuma ki ware kuɗin obin da injin kwaɓi kafin ki ware na rajista.