Yashin da ke tafiya a ƙarƙashin kogin Isa

A watan Satumba ne, jan ruwan damina ya cika kogin Isa (kogin Neja) a Yamai, wato ruwan nan mai laka da rassan Sirba, Dargol da Gorouol ke turowa, aka aike ni auna yawan ruwan da ke wucewa a ƙasa da gadar Kennedy. Na ɗaure na'urar ADCP, mai auna saurin ruwa da zurfinsa ta hanyar amon sauti, a gefen kwale-kwale, na daidaita kamfas ɗinta, muka haye kogin sau huɗu, kuma duk sakamakon ya fito kusan iri ɗaya. Wannan daidaituwar ce ta rufe mini ido, har na bar gwajin motsin ƙasan kogi, saboda rana ta yi kuma man injin ya ja baya.

Na san ka'idar sarai, abin da ke ci mini rai ke nan har yau. Na'urar tana gane saurin kwale-kwalen ne daga amon da ke dawowa daga ƙasan kogi, bisa zaton cewa ƙasan a tsaye yake. Idan kuwa ruwa yana jan yashin, sai ta ɗauka kwale-kwalen ne ke matsawa sama, ta rage saurin ruwan, jimillar kuma ta fito ƙasa da gaskiya. Kuskuren yana maimaita kansa a kowace hayewa, don haka ko sau goma na haye, amsoshin za su yarda da juna kuma dukansu ba daidai ba ne.

Dattijon da ke tuƙa mu ya faɗa mini tun muna tsakiyar ruwa. Da muka zo kan wani tudun yashi ya soka gorarsa, ya ce, "Malam, riƙe ka ji, ƙasan nan tafiya yake yi." Na riƙe, na ji yashi yana gurzar gorar yana zarewa daga ƙarƙashinta, amma na ce masa, "Baba, na'urar ta san da wannan," muka wuce.

Sai bayan rahoto ya fita wani abokin aiki ya lura cewa adadin bai dace da tsayin ruwan da sandar awo ta nuna ranar ba. Muka koma muka yi gwajin da na bari, wato muka haye muka dawo daidai kan turken da muka tashi, amma layin da kwamfuta ta zana ya ajiye mu can sama da turken. Dole na janye rahoton, tare da lissafin lakar da na gina a kansa, domin nauyin lakar da kogi ke ɗauka ana samun sa ne ta ninka yawan ruwan da yawan lakar da kwalaben samfur suka nuna.

Ga wanda zai yi awo a kogi mai yashi lokacin cikowa, ya fara da gwajin nan kafin hayewar farko, kuma ya tafi da GPS mai inganci domin ya zama madogara idan ƙasan yana motsi. Gwajin bai fi 'yan mintuna ba. Barinsa ya ci mini kuɗin hayar kwale-kwale karo na biyu da aikin mako guda, kuma lokacin da muka koma ruwan ya riga ya sauka, don haka awon ranar farko ba a sake samun sa ba.