Nasihar Baba a hanyar Rigasa

Ranar da zan kama aiki a Abuja, Baba ya rufe shagonsa na ɗinki a Kasuwar Bacci da ke Kaduna, ya rako ni tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya raba shi da keken ɗinki.

Na zaci wa'azi zai yi mai tsawo. Ina! Cewa ya yi, "Ka san ko ƙyalle ya ragu a yadin mutum, ninkewa nake yi in sa masa a leda. Kai ma kuɗin ofis ba naka ba ne, ko biro kada ka kawo gida." Sai ya ce in riƙe sallar Asuba, in riƙa kiran Inna duk Juma'a, kuma in karanta Suratu Luƙman daga aya ta 13 zuwa ta 19, musamman inda aka hana tafiya da taƙama da ɗaga murya.

Wallahi maganar biron ta fi wuya. A watan farko wani ɗan kwangila ya turo min ambulan "na shan ruwa". Na mayar masa, har yau abokan aikina Ustaz suke kirana.